Edward Prempeh, Sarkin Asante da Ya Yi Zaman Talala a Tsibirin Seshel

'Yan'uwa, ga mutanen Zariya ba sabon labari ba ne a ce Turawa sun tuɓe sarki sun kai shi nesa da ƙasarsa. Dattawanmu a Tudun Wada da cikin birni sun san labarin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda a zamaninsa ne Likita Miller ya zauna cikin birnin Zariya yana aikin bishara. An tuɓe shi, aka kai shi Lakwaja, can kuma ya rasu a 1924. Sarkin Kano Alu ma a Lakwaja ya ƙarasa kwanakinsa. To, Lakwaja dai ko da ƙafa mutum yana iya zuwa ya gai da ubangidansa. Akwai sarakunan da Ingila ta ga duk inda aka ajiye su a doron ƙasar Afirka mutanensu za su same su, sai ta tsallake teku da su. Ɗaya daga cikinsu shi ne Agyeman Prempeh na Ɗaya, sarkin Asante a ƙasar da ake kira Gana a yau. A shekarar da Ɗan Sidi ya rasu a Lakwaja, a cikinta ne Prempeh ya koma gida bayan shekara 28 a hannun Turawa, 24 daga ciki a kan wani tsibiri a tsakiyar Tekun Indiya. Ya koma ɗauke da sunan baftisma.

Hausawa sun daɗe da sanin mutanen Asante. Tonawa suke ce musu. Fataken da ke tashi daga Kano da Katsina da Zazzau zuwa Gwanja, goron ƙasar Asante suke zuwa saye a kasuwar Salaga, su kai jaki da tufafi da kanwa. Daga baya Hausawa suka kafa zango a Kumasi kanta, yana nan har yau. Saboda haka za ku ga hannun mutanen Arewa a cikin labarin nan fiye da sau ɗaya, ba kuma kullum a gefen da za mu so ba.

An haifi Prempeh wajen 1870. A Asante ta wajen uwa ake gadon sarauta, uwarsa kuwa, Yaa Akyaa, 'yar gidan sarauta ce wadda ta zama uwar ƙasa, mace mai ƙarfin hali da iya siyasa. Yana ƙaramin yaro a 1874 rundunar Ingila ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley ta shiga Kumasi ta cinna mata wuta. Wani reshe na wannan yaƙi Kyaftin John Glover ne ya jagorance shi, da sojojin da ake kira Hausawan Glover, rundunar da ya fara kafawa a Ikko a 1863, wadda daga gare ta ne sojan Nijeriya ya samo tushe. Bayan yaƙin aka yi yarjejeniya a Fomena, aka ɗora wa Asante tarar zinariya oza 50,000. Ku riƙe wannan tara a zuciya, domin da ita za a ɗaure Prempeh bayan shekara 22.

Ƙasar ba ta sake samun natsuwa ba. Aka tuɓe sarki Mensa Bonsu a 1883, wanda ya gaje shi kuma agana ta kashe shi bayan 'yan makonni. Yaƙin basasa ya ɓarke a kan wanda zai hau, garuruwa suka yi ta ɓallewa. A 1888 ɓangaren Yaa Akyaa ya yi nasara, aka naɗa ɗanta yana saurayi bai kai shekara ashirin ba, da sunan sarauta Kwaku Dua na Uku. Cikin 'yan shekaru ya shawo kan yawancin garuruwan da suka yi tawaye. Wannan farfaɗowa ce ta tayar wa Turawan Gwalkwas da hankali, ga Faransa tana matsowa ta yamma, ga Jamus ta gabas. A 1891 suka nemi ya sa ƙasarsa ƙarƙashin kariyar Ingila, ya ƙi cikin ladabi, ya nuna yana son zumunci da ciniki amma ƙasarsa za ta ci gaba da mulkin kanta. A 1895 ya aika jakadu har Landan, ciki har da 'yan'uwa biyu masu ilimin boko, John da Albert Owusu Ansa. Gwamnatin Ingila ta ƙi karɓarsu, ta ce su koma su yi magana da gwamnan bakin teku. Kafin su iso gida an riga an shirya runduna.

Hujjar da Turawa suka bayar ita ce tarar da ba a biya ba, da toshe hanyoyin ciniki, da kuma zub da jinin mutane a jana'izar manya. Wannan na ƙarshe ba ƙage ba ne, al'ada ce da aka sani a fadar Asante, kuma bai kamata mu ɓoye ta don muna tausayin sarkin ba. Amma wanda ya dubi yadda ake rige-rigen rabon Afirka a waɗannan shekaru ya san ƙasar ake so.

A watan Janairu na 1896 rundunar Sir Francis Scott ta iso Kumasi, da sojan Hausa a cikinta, da kuma Baden-Powell wanda daga baya ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut. Prempeh ya hana mutanensa harbi. Ya tuna abin da ya faru a 1874, ya zaɓi ya sunkuyar da kai da dai a sake ƙone birnin. Ran 20 ga wata, a gaban dubban talakawansa, shi da uwarsa suka durƙusa suka rungumi ƙafafun Gwamna William Maxwell. Ya ɗauka abin ya ƙare ke nan. Sai gwamna ya nemi a kawo zinariya oza 50,000 nan take. Sarki ya ce oza 680 ce zai iya bayarwa a ranar, sauran a biya kaɗan-kaɗan. Nan aka kama shi, da uwarsa, da ubansa, da ɗan'uwansa, da waɗansu manyan hakimai. Abu ɗaya Turawa ba su samu ba: Kujerar Zinariya, wadda Tonawa suka gaskata ran al'ummarsu yana cikinta, wadda ko sarki ba ya zama a kai. An riga an ɓoye ta.

Kafin mu bi shi teku, akwai wani mutum da ya kamata a ambata. Fritz Ramseyer, ɗan mishan na Basel, mayaƙan Asante sun kama shi da matarsa a 1869, suka zauna a tsare a Kumasi har 1874. Da aka ɗauke sarki a 1896, wannan Ramseyer ne ya komo ya kafa aikin mishan a birnin da aka taɓa tsare shi. Dole mu faɗi gaskiya, a idon Tonawa da yawa bishara ta shigo Kumasi a bayan bindiga, kuma wannan ya daɗe yana yi wa ikkilisiya nauyi a can.

Aka fara tsare Prempeh a tsohon gidan bayi na Elmina. Mutanensa suka yi ta zuwa. Aka mai da shi Freetown a Saliyo a 1897, can ma ba su daina bin sa ba. Ana nan sai a watan Maris na 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya zo Kumasi, ya tara hakimai, ya shaida musu sarkinsu ba zai dawo ba, ya kuma nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Da ya san abin da ya roƙa, da bai buɗe baki ba. Ƙasa ta tashi ƙarƙashin Yaa Asantewaa, uwar ƙasar Ejisu, aka kewaye gwamna da matarsa da 'yan mishan a cikin kagarar Kumasi, yunwa da ciwo suka yi ta kashe mutane. Wanda ya zo ya kwance wannan ƙawanya ran 15 ga Yuli shi ne Kanar James Willcocks, kuma daga ƙasarmu ya tafi, da sojojin da Lugga ya tara don cin Arewa. Tafiyarsu ce ta sa Lugga bai iya auka wa Kwantagora da Bida ba sai farkon 1901. Ashe yaƙin wata tsohuwa a kurmin Asante ya ƙara wa sarakunan Arewa 'yan watanni.

Prempeh ba ya cikin wannan yaƙi, yana Saliyo a tsare. Amma Turawa sun ga muddin yana Afirka ta Yamma, sunansa kaɗai ya isa tuta. Sai aka sa shi a jirgi da iyalinsa da hakimansa da barorinsa, mutum hamsin da 'yan kai, suka sauka Seshel a watan Satumba na 1900. A 1901 aka kawo Yaa Asantewaa da waɗansu shugabannin yaƙin. Ran 1 ga Janairu 1902 Asante ta zama mallakar Ingila.

Seshel tarin tsibirai ne fiye da ɗari, wajen kilomita 1,600 gabas da gaɓar Kenya. Babban cikinsu shi ne Mahe, tsawonsa bai kai kilomita 30 ba, wato bai kai rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna ba, duwatsu ne da kurmi da itatuwan kwakwa. Ba kowa a wurin sai a 1770 da Faransawa suka zo da bayi suka kafa gonaki. Ingila ta karɓe shi a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon. Bayan an hana cinikin bayi, jiragen yaƙin Ingila sukan tare jiragen masu fataucin mutane a gabashin Afirka su sauke waɗanda suka ƙwato a Mahe. Domin 'ya'yan waɗannan ne ƙungiyar CMS, wadda ta kafa Wusasa, ta buɗe makaranta a kan dutse a wurin da aka sa wa suna Venn's Town. Yawancin mutanen tsibirin Katolika ne, 'yan Angalika kaɗan ne, a lokacin kuma suna ƙarƙashin bishof na tsibirin Morishus.

Abin da ya sa Ingila ta so wurin shi ne ba ya bukatar katanga. Kamar yadda Romawa suka jefa manzo Yahaya a Batmusa, haka Ingila ta mai da Mahe ma'ajiyar waɗanda ta ci da yaƙi ko take tsoron bakinsu. Sarkin Perak na ƙasar Malaya, Abdullah, an kawo shi a 1877. Bayan Prempeh an kawo Sa'ad Zaglul na Masar a 1922, a 1956 kuma aka kawo Akbishof Makarios na Kubrus, tsibirin su Barnaba, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasarsa.

Biyu daga cikin maƙwabtan Prempeh a can sun isa a tsaya a kansu. A 1901 aka kawo Kabalega sarkin Bunyoro da Mwanga sarkin Buganda, waɗanda aka kama tare a 1899. Mwangan nan shi ne wanda a zamaninsa aka kashe Bishof James Hannington a 1885, shi ne kuma ya sa aka ƙone samarin fadarsa masu bi da ransu a Namugongo ran 3 ga Yuni 1886, shahidan Yuganda da ikkilisiya take tunawa da su kowace shekara. A Seshel aka yi wa wannan mutum baftisma da sunan Daniyel, ya mutu a can a 1903. Kabalega shi ma ya karɓi baftisma da sunan John. An sallame shi a 1923, amma rai ya yi halinsa a Jinja, bai taka ƙasarsa ba.

An sauke Tonawa a wata tsohuwar gona da ake kira Le Rocher, kusa da Victoria babban birnin tsibirin. Sarki yana babban gida, hakimai suna ƙananan gidaje kewaye da shi, 'yan sanda suna gadi. Ba sarƙa, ba aikin tilas, ana ba su kuɗin abinci. Amma mutum bai isa ya bar tsibirin ba, wasiƙa kuma sai ta bi ta hannun hukuma. Prempeh yana da shekara talatin lokacin. Ya shirya zangon kamar ƙaramar Kumasi, yana sasanta rigingimu, ana noma 'yan gonaki, ana haihuwa ana binnewa. Mai karanta wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa 'yan zaman talala a Babila, a sura 29, zai ga kamannin abin: a gina gida, a dasa gona, kada a zauna jiran gobe.

Ya sa kansa koyon karatu da rubutu da Turanci yana babba, abin da sarakuna da yawa za su ga ƙasƙanci ne. Ya nace a sa yaran zango a makaranta, maza da mata. A 1907 ya fara wani aiki da ya fi ƙarfin zamaninsa: ya zauna da uwarsa da tsofaffin hakimai, suna faɗar asalin sarakunan Asante da jerin zuriyarsu, ana rubutawa da Turanci. Ya ga masu riƙe da tarihin a ka suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a baƙuwar ƙasa. Littafin ya daɗe a ajiye, sai a 2003 aka buga shi, Farfesa Adu Boahen yana cikin waɗanda suka shirya shi.

A 1904 aka yi masa baftisma a ɗarikar Angalika, ya ɗauki sunan Edward, sunan sarkin Ingila na lokacin. Uwarsa ma ta karɓi baftisma, matar da ta fi kowa tsayawa a kan al'adar gidan. Amma tsakanin baftismarsa da ranar da bishof ya ɗora masa hannu na tabbatarwa, wanda a Angalika shi ke buɗe wa mai bi ƙofar cin Jibin Ubangiji, shekara 16 ce. Abin da ya tsai da shi aure ne. Ya zo tsibirin da mata fiye da ɗaya, ikkilisiya kuwa ta tsaya a kan mace ɗaya. Sai a ƙarshen 1920 ya ɗaura aure da guda a coci, aka tabbatar da shi. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a majami'unmu na Arewa. Dattawa da yawa sun yi shekaru suna zuwa sujada suna zama a baya ranar Jibi saboda ita. Abin da ba a cika tambaya ba, a can da nan, shi ne halin matan da aka sallama, waɗanda suka bi miji har ƙarshen duniya.

Akwai masu cewa tubar Prempeh dabara ce. Suna da abin kafa hujja, domin ya yi ta rubuta wa gwamnati takardun roƙo a mai da shi gida, a cikinsu kuma yakan nuna ya zama Kirista, ya yi ilimi, ya bar tsofaffin al'adu. Sunan da ya zaɓa ma yana da ƙanshin siyasa. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a ce lalle ɗaya ne daga cikin biyun ba. Fursuna yana da ikon ya yi amfani da duk abin da ke hannunsa don ya ga gida, wannan bai hana bangaskiyarsa zama ta gaske ba. In dabara ce kurum, ta yi tsada ƙwarai kuma ta daɗe ba ta biya ba: shekara 20 cur bayan baftisma yana nan a tsare. Ya kuma ba da ɗansa John aka kai shi Morishus ya koyi aikin Ubangiji, ya zama limamin Angalika, daga baya ya yi hidima a Kumasi. Da ya koma gida, inda ba mai tilasta masa, bai bar coci ba.

Shekaru suka yi ta cin zangon. Ubansa ya rasu a can. Uwarsa ta rasu a 1917. Yaa Asantewaa ta rasu a watan Oktoba na 1921. Hakiman da suka sauka tare da shi suka ƙare kusan duka, yaran da aka haifa a Mahe kuma suka tashi da harshen tsibirin a bakinsu.

A gida kuwa ba a manta da shi ba. A 1921 masu aikin hanya suka yi kiciɓis da inda aka ɓoye Kujerar Zinariya, waɗansu suka sace kayan adonta. Ƙasa ta ɗauki makoki kamar za a koma yaƙi. Wannan karon Turawa sun koyi darasi, suka bar hakimai suka yi shari'ar, suka kuma bayyana cewa ba su da sauran bukatar kujerar. Matasa masu ilimi na ƙungiyar Asante Kotoko, da hakimai, da wakilan Afirka a majalisar Gwalkwas, suka yi ta matsa wa Gwamna Gordon Guggisberg lamba har ya yarda.

Ran 11 ga Nuwamba 1924 jirginsa ya tsaya a Sekondi, washegari ya shiga Kumasi a jirgin ƙasa, hanyar da babu ita lokacin da aka fitar da shi. Jama'ar da ta tarye shi ba ta ƙirguwa. Saurayin da aka ɗauke cikin tufafin sarauta ya komo dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, sanye da kwat. A takardar gwamnati shi ba kowa ba ne face Mista Edward Prempeh, talaka kamar kowa. A wurin mutanensa kuwa sarki ne ya dawo. A 1926 gwamnati ta sassauta, ta amince da shi a matsayin sarkin Kumasi kaɗai, ba na Asante duka ba.

Nan ne gwajinsa mafi wuya ya zo, a ganina, fiye da na tsibiri. A Mahe yana iya zama Kirista ba mai damunsa. A Kumasi sarauta tana tafe da kujerun kakanni da ranakun hidimarsu, jama'a kuma suna jiran sarki ya yi abin da sarakuna suka saba yi. Ikkilisiya tana kallonsa ta nan, masu riƙe da al'ada suna kallonsa ta can, gwamnati kuma tana neman abin da za ta ce ya koma halin dā. Bai warware wannan ƙulli sarai ba. Ya riƙe sarautar da abin da ke cikinta, ya kuma riƙe wurinsa a cocin Angalika ta Kumasi, yana ƙarfafa makarantu da aikin mishan. Sarakunanmu masu bi na kudancin Kaduna da Filato da Adamawa sun san irin wannan kujera. Shigarsa coci a fili ta sauƙaƙa wa 'yan gidan sarauta da talakawa da yawa su shiga ba tare da an ce sun ci amanar Asante ba.

Bai manta da waɗanda ya bari a ƙasan Mahe ba. Ya nemi izini, aka tono ƙasusuwan uwarsa da na Yaa Asantewaa da sauran waɗanda suka mutu a can, aka kawo su gida aka binne.

Ya rasu a Kumasi ran 12 ga Mayu 1931. Wanda ya gaje shi, Osei Agyeman Prempeh na Biyu, shi ne a 1935 Turawa suka mayar wa cikakkiyar sarautar Asante, aka fito da Kujerar Zinariya a bainar jama'a. Gidan da gwamnati ta gina wa Prempeh a Manhyia a 1925, wanda bai yarda ya shiga ba sai da mutanensa suka biya kuɗin ginin, yana nan tsaye a Kumasi, an mai da shi gidan tarihi tun 1995.